Tsuntsu Ya Ci Shinkafa, Aka Rufe Shagon Sabi'u

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ana tsakiyar kwasar tumatir. Na san Alhamis ce domin babu makarantar allo, shi ya sa Inna ta gan ni a zaune ta aike ni niƙa. Ina tafe da robar masara a ka, na iso gadar da ta ratsa babban kanal na ƙauyenmu, sai na tarar da yara sun yi cincirindo a ƙofar wani ɗaki da a da ake jibge kwandunan tumatir a cikinsa. Wasu samari suna sauke wata tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya daga kan baro, Ya Sabi'u kuma yana zaune a kan kekensa na guragu, irin wanda ake tuƙawa da hannu, yana ta ba su umarni. "Ku bi ta a hankali," in ji shi, "ba buhun albasa ba ce." Aka shigar da ita, aka ja igiyar wani ɗan janareto, ya yi tari ya kama. Gilashin ya yi fari, ya yi shuɗi, sannan ya koma kore shar kamar gonar alkama, wasu 'yan mutane suka bayyana a ciki suna bin ƙwallo. Duk mun taɓa ganin ƙwallo a talabijin. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne Ya Sabi'u ya riƙe wani baƙin abu mai igiya, ya danna da babban yatsa, mutumin da ke cikin gilashi ya juya ya ruga inda aka ce masa. Ban san lokacin da na sauke robar a ƙasa ba. Sai da akuyar wani ta yi nisa da masarar kafin na farga, a gida kuma Inna ta murɗe mini kunne, amma ko a jikina.

Na fara da wannan rana ne saboda wata magana da nake yawan ji yanzu. Ko a makarantarmu a Kano, in hira ta biyo ta kan gidajen gem, sai wani ya ce ai wayar hannu ce ta kashe su, kowa ya gyaɗa kai a wuce wurin. Wataƙila haka ne a wasu garuruwan. Namu dai ba waya ce ta kashe shi ba. Mutane ne suka zauna a kan tabarma ido na ganin ido, da hulunansu da carbinsu, suka kashe shi, kuma ina wurin. Ni ba mai yawan magana ba ne, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki, amma duk lokacin da na tuna zaman nan sai in ji zuciyata tana tafasa kamar jiya aka yi shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ba ya yankewa rani da damina. Da an girbe wannan an dasa wancan, daga shinkafa a koma tumatir, daga albasa a koma masara. A irin wannan wuri darajar namiji tana ga ƙafarsa: ya shiga taɓo har gwiwa ya yi dashe, ya tare ruwa, ya saɓi buhu ya fita da shi bakin hanya. Ya Sabi'u kuwa shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Mahaifinsa ya rasu, 'yan uwan uba suka karɓi noman 'yar gonar da aka bari, suna ba mahaifiyarsa, Iya Hanne, abin da suka ga dama. Mutane da dama sun ba ta shawara ta bar shi ya shiga birni ya zauna a bakin titi, wai ai masu irin lalurarsa suna samu. Ta ƙi, shi ma ya ƙi. Ya koyi gyaran rediyo da tocila a wurin wani mutum a Kura, a can ne ya fara ganin gem, ya ga yadda yara ke tururuwa. Iya Hanne ta kwance bijimin da ta daɗe tana turke da shi, ta haɗa da tumakinta ta sayar, ta damƙa masa kuɗin. Babu wanda bai sani ba a ƙauyen cewa abin da ke cikin ɗakin nan shi ne iyakar abin da suka mallaka.

Ɗakin ƙarami ne, benci biyu da tabarmar roba, bangonsa bai daina warin ruɓaɓɓen tumatir ba, ga warin fetur ya hau kai. A ƙofa kullum silifa ne jibge, in ka fito sai ka yi ta tono kafin ka haɗa naka, wani lokaci ka koma gida da ƙafa ɗaya shuɗiya ɗaya ja. Abin dannawar, wanda muke kira hannu, biyu ne kacal, don haka mutum biyu ke bugawa, sauran mu cika benci muna koyar da su abin da mu ma ba mu iya ba. Wanda aka ci shi ke biya ya tashi, wanda ya ci ya gyara zama. Kallo kyauta ne. Kuɗin bugawa kuwa daga guminmu yake fitowa: tsintar tumatir ɗin da ya zube a wurin lodi, yankan ciyawa a bakin kanal a kai wa masu kiwo, ko kama tarwaɗa in an rage ruwa. Ya Sabi'u yana da dokoki, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ba ya buɗewa sai an tashi daga boko. Yaro da kayan makaranta a jikinsa ba ya tsallake ƙofar. Da an kira salla zai miƙa hannu ya kashe janareto, ko da bugun fenareti ake yi, mu yi ta magiya yana naɗe igiya kamar bai ji ba. Lokacin allo ya kore mu tas. Wanda ya zagi uwar wani kuwa sai ya yi ta leƙe ta taga har Ya Sabi'u ya huce. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Ba na son a zo a ce mini." Ya san idon gari yana kansa.

Ni yaro ne mai kunya. Ban iya langa ba, ina tsoron ninƙaya a kanal, a ƙwallon fili kuma sai an rasa kowa ake tura ni gola. Abin da na sani shi ne littafi, shi kuwa ba ya sa a zaɓe ka a wasa. Na daɗe ina tsayawa a bayan benci ba wanda ya lura da ni. Wata rana ana tsakiyar wasa gem ɗin ya tsaya cak, ya fito da wani rubutun Turanci, aka yi cirko-cirko, wasu har sun fara cewa na'urar ta ƙone. Na karanta a zuci, na sake karantawa don kada in yi kuskure, sannan na ce a hankali, cewa yake igiyar hannu na biyu ta zare. Aka duba, haka ne. Ya Sabi'u ya waiwayo ya ce, "Wane ne wannan malamin? Ku matsa masa." Tun daga ranar wurina yana gefen kekensa, kuma sunana ya koma Malam. Ni nake karanta musu komai, ni nake shiga in canza ɗan wasan da ya gaji, ni na gano inda ake sa ruwan sama ya sauka a filin. Ban taɓa zama gwani ba. Abokina Isiyaku yakan zura mini ƙwallaye har ya gaji, yana cewa, "Malam, karanta wannan ma mu ji." Amma a ɗakin nan ne na fara yin magana a gaban mutane muryata ba ta yi rawa ba.

Shagon ya haura shekara a haka. Sannan shinkafar rani ta fitar da kai, lokacin korar tsuntsu ya zo. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san jan baki, 'yan tsuntsayen nan ƙanana da ke tasowa garke guda kamar hayaƙi. Sun fi son shinkafa lokacin da ƙwayarta take ruwa-ruwa kamar nono. Su sauka su tsotse, su bar maka kai a tsaye fari fat babu komai a ciki. Korarsu aikin yara ne. Akan kafa rumfa a kan dogayen itace a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da leda da tsummoki. Tun kafin rana ta fito kana sama, kana jan igiya, kana ihu, kana wurga curin laka da majaujawa, har rana ta take tsuntsu ya koma inuwa. Da la'asar ka dawo sai magariba. Ajinmu yakan koma rabi, malamai sun yi faɗa har sun gaji. Na tsani wannan lokaci. Nakan hau rumfa da littafi a aljihu, amma ba ka isa ka kai ƙarshen layi ba sai ka ji shuuu a kanka. Akwai kuma abin da kowane yaro ya sani: tsuntsun da ka kora ba gida yake komawa ba, gonar da babu kowa yake nema.

A wannan lokaci Ya Sabi'u ba ya buɗe shago sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da tsuntsu ke hutawa. Ba wanda ya sa shi, shi ya ga ya dace. Har ma ya taimaka mana da wata dabara. Yana da faya-fayan gem da suka karce suka daina aiki, sai ya zura musu zare ya raba mana, ya ce mu rataya a jikin igiya. In iska ta juya su rana ta haska, sai su riƙa walƙiya suna wurga haske ko'ina, tsuntsu ya firgita. Abin ya yi aiki, har iyaye suka riƙa cewa 'ya'yansu su roƙo musu. Ya ba ni kaɗan na rataya a gonarmu. Isiyaku ne ya samu mafi yawa, domin gonar da yake tsaro ta fi ta kowa faɗi, wato gonar Alhaji Mamuda.

Alhaji Mamuda shi ne babban manomin ƙauyenmu, kuma dillalin albasa. Gonarsa ce a bakin ƙofar ƙaramin kanal, ruwa sai ya ratsa ta wurinsa kafin ya iso tamu da ta sauran mutanen da ke ƙasa. Ya ɗauki Isiyaku da wasu yara aikin korar tsuntsu, ya ɗora babban ɗansa Auwalu, wani saurayi mai babur, ya riƙa duba su. Wata safiyar Asabar, rana ta ɗan ɗaga, ina kan rumfarmu, Auwalu ya zo ya tsaya a gaɓar kanal bai ko kashe babur ba. Rumfata tana kusa da iyaka, na ji shi da kunnena.

"Kai, ku sauko. Motar albasa ta iso, ana neman masu tsince ruɓaɓɓu."

Isiyaku ya ce, "Yaya Auwalu, tsuntsun fa?"

"Tsuntsun na ubanka ne? Yanzu za ku dawo."

Ya loda su duka a kan babur ya tafi da su. Ba su dawo ba sai azahar. Duk tsuntsun da aka koro daga gonakin kewaye ya yi shawagi ya gano inda aka yi shiru, ya zuba a can. Na yi ihu har muryata ta dishe. Na sauko na ruga bakin iyaka ina jifa, sai na waiwaya na ga wani garken ya fara sauka a tamu, dole na koma. Faya-fayan suna ta walƙiya a gonar Alhaji, amma jan baki ba wawa ba ne. In ya ga haske babu mutum a bayansa, yakan saba da shi cikin ɗan lokaci. Ina tsaye ina kallo gonar tana motsi kamar ana tafasa ta.

Kafin magariba labari ya zaga gari cewa yaran Alhaji sun bar gona sun tafi gem. Ban san bakin da maganar ta fara fitowa ba, amma na san wanda ta yi wa rana. An zane Isiyaku a gidansu, washegari ya ƙi haɗa ido da ni. Sai daga baya ya gaya mini Auwalu ya ce musu duk wanda ya ambaci albasa, ubansa ya gama samun aiki a wurin Alhaji. Ni kuwa da muka gama cin tuwo na zauna kusa da Baba na kwashe komai na gaya masa, daki-daki, yadda na gani. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Na ji," ya ce. "Ka gaya wa wani?"

Na ce a'a.

"To bar shi a cikinka. Ruwan da shinkafarmu take sha, ta ƙofar gonar wa yake biyowa?"

Bai jira amsata ba.

"In ya toshe mana shi a wannan zafin, me za ku ci? Gem?"

Baba ba mugu ba ne. Mutum ne mai gona a ƙarshen kanal da baki da yawa a gida. Na fahimci wannan yanzu, amma fahimtar ba ta rage mini komai ba.

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Dattawa suka zauna, Baba yana cikinsu, mu yara muka tsaya daga nesa a gindin darbejiya. Ya Sabi'u ya zo, ya sauko daga kekensa ya ja jiki ya zauna a ƙasa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Iya Hanne tana tsaye a bakin zaure da mayafi a ka. Da aka ba shi dama ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya da safe shagona a kulle yake. Duk wanda ya bi ta gada ya gani." Gaskiya ya faɗa. Hanyar gona ɗaya ce, ta kan gadar nan take, kusan duk wanda ke zaune a wurin ya wuce ta gaban kwaɗon da fartanya a kafaɗa. Mai unguwa ya ce, "Akwai wanda ya gani?" Sai kowa ya tuna da carbinsa. Wani ya gyara hula, wani ya shiga cire ƙaya daga takalmi. Yawancinsu gonakinsu suna ƙasa da ta Alhaji.

Sai Alhaji ya jawo wani buhun taki da ya zo da shi, ya zazzage a tsakiyar tabarma. Faya-fayan ne, da zarensu.

"Waɗannan a gonata na tsince su," ya ce. "Na wane ne?"

"Nawa ne, Alhaji. Ni na ba yaran don su..."

"Kun ji dai. Nasa ne."

Dattawa suka ɗauka suna jujjuyawa a hannu kamar an tono layu a ƙarƙashin murhu. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka shagon. Wani tsoho ya ce shi ya ji a cikin wannan abin ne ake zuba 'yan mutanen, to yaron da ya wuni yana kallon walƙiyarsa ina hankalinsa zai tsaya a gona. Wani ya ce ai ba mamaki alama ce, in ta haska daga nesa yaran su san ana kiransu. Aka yi ta "ƙwarai" da "haka ne". Alhali a daidai wannan lokacin irin faya-fayan nan suna rataye a gonakin rabin mutanen da ke wurin suna kore musu tsuntsu, har da tamu, kuma sun sani.

Ban san yadda aka yi ƙafata ta kai ni bakin tabarma ba. Na ce, "Ba gem suka tafi ba. Yaya Auwalu ne ya kwashe su zuwa wurin albasa." Muryata a dishe take, sai da na maimaita kafin aka ji. Alhaji bai ko dube ni ba, sai ya dubi Baba.

"Malam Idi, wannan ba ɗanka ba ne mai kunyar nan, wanda ko gaisuwa sai ya sunkuyar da kai? To jama'a, ga aikin shagon nan kun gani da idonku. Yaro ya tsaya a kan manya yana ƙaryata su."

Aka shiga gyaɗa kai. Baba ya miƙe ya kama hannuna yana ba da haƙuri, ya fitar da ni daga wurin. Wato gaskiyar da na faɗa ma sai da aka mai da ita sanda aka doki Ya Sabi'u da ita. Malaminmu na allo ne kaɗai ya ce ya kamata a kira Auwalu a ji ta bakinsa. Aka ce ya tafi rakiyar mota. Malamin bai ƙara ba, da aka tambaye shi matsayin gem kuma ya ce wasa ne dai, barinsa ya fi. Mai unguwa ya yanke cewa a rufe shagon har a gama girbi, don a zauna lafiya. Da labari ya iso cikin gida Inna ta ce, "An bar jaki ana dukan taiki," ta ci gaba da tankaɗe. Iyakar abin da aka yi wa Ya Sabi'u ke nan a gidanmu.

Girbi ya zo ya wuce. Mai ɗakin, wanda surukin Alhaji ne, ya ce yana bukatar ɗakinsa. Ya Sabi'u ya zaga ƙauyen a kan keke yana neman wani, kowa ya ce a yi haƙuri. Kayan suka koma ɗakin Iya Hanne aka lulluɓe da zane. Na je na gaishe shi sau da yawa, in tarar da shi a zaure yana kwance tsohuwar rediyon wani, ya ce, "Malam, ya karatu?" ba ya ƙara komai. Damina ta shigo, Iya Hanne ta kwanta ciwo, babu sa a turke babu tunkiya, sai ya kira dillali ya sayar da kayan yadda aka taya. Shi kuma ya tattara ya koma Kura wurin tsohon maigidansa.

Bayan babbar salla aka yi wa ɗakin bakin gada fenti. Auwalu ne ya buɗe gidan gem a ciki. Na leƙa ta taga sau ɗaya na ga talabijin ɗin Ya Sabi'u, na gane ta da tsagin da ke gefenta. Ya ƙaro wasu, ya fasa bango ya faɗaɗa, ya kafa faranti a kan rufi don kallon ƙwallon Turai. Shi ba shi da doka ko ɗaya. Yara da kayan makaranta suna ciki tun hantsi, ana kiran salla janareto yana ruri, samari suka fara ɗora kuɗi a kan wasa ana caca, ana busa sigari, ana dambe a ƙofa. Dattawan nan da suka jujjuya faya-fayai suna wucewa ta gaba safe da yamma. Ban ji an shimfiɗa tabarma ba. Wasunsu ma sukan shiga kallon ƙwallo su zauna a kujerar gaba. A shekarar jan baki ya dawo ya ci gonaki kamar yadda ya saba, aka ce ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri. Isiyaku ya sha jan hannuna mu shiga. Ban taɓa taka ƙofar ba, kuma tun daga lokacin ban sake riƙe hannun gem ba.

Lokacin da na shiga sakandare abin ya zama ruwan dare. Daga Kura zuwa Bunkure duk inda ka ga rumfar mai shayi, a kusa akwai ɗaki da labule da ƙarar janareto. Duk saurayin da ya sayar da tumatir da daraja sai ya buɗe nasa. Sana'ar da aka ce tana lalata tarbiyya a hannun gurgu ta zama abin yabo a hannun masu ƙafa, har ana cewa wane ya kama abin yi. Daga baya kuma abin ya fara ja da baya. Fetur ya yi tsada, wayoyi masu gilashi suka yi araha, yaro ya gane zai iya buga ƙwallonsa a kwance a ɗakin uwarsa ba tare da ya bi layi ba. Labulayen suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya koma wurin aski, wancan wurin cire kuɗi, na Auwalu ya zama ma'ajiyar shinkafa. Waɗannan kam waya ce ta kashe su, ban yi musu ba, kuma ban yi musu kuka ba. Auwalu yanzu babban mutum ne a ƙauye. An ce mini a taron iyayen yara shi ya fi kowa zafi a kan yadda wasannin zamani suke lalata tarbiyya.

A hutun da ya wuce na sauka a Kura na nemi Ya Sabi'u. Yana da 'yar rumfa kusa da tasha, yana caji da gyaran waya. Ya yi aure, yana da 'ya'ya, furfura ta fara fito masa a gemu. Iya Hanne ta rasu ba ta ga ko ɗaya daga ciki ba. Ya ƙura mini ido, sannan ya yi dariya ya ce, "Malam, an zama manya. Ina fatan can birnin ba a cin ka kamar da." Ya aika aka kawo mini ruwan sanyi. Muka taɓa hira, na kasa haƙuri na ɗauko maganar zaman ƙofar mai unguwa.

"Kai har yanzu kana kan wannan maganar?" ya ce, yana hura ƙura daga cikin wata waya. "Alhaji ya rasu, ni ma na je jana'izarsa. Auwalu in ya shigo kasuwa nan yake kawo wayarsa."

"Kuma kake karɓa?"

"In mayar da ciniki?"

"Ya taɓa ce maka wani abu a kai?"

"Ya ce. Ya ce cajina ba ya riƙewa."

Ya yi dariya, ni ban iya ba. Ya dube ni ya ce shi fa ya daɗe da yafewa, in ma laifi ne na mutum goma ne ko ashirin, wa zai tsaya bi. Wani ya miƙo waya, ya juya ya karɓa.

Da yamma na ƙarasa ƙauye. A jikin katangar makarantarmu ta firamare na ga yara a jere, kowa ya duƙufa a kan wayar yayansa ko ta uwarsa, babu mai yi wa wani magana, babu mai tsokanar wani. Gem ɗinsu ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Amma mu a kan benci ɗaya muke, gwiwa na gugar gwiwa, in an zura ƙwallo ɗakin duka ke tashi, kuma akwai babba a wurin da ya san sunan kowa da na ubansa, ya san lokacin da ya kamata mu tafi. Irin wannan wuri sau ɗaya muka samu, aka karɓe mana shi don kada ɗan wani ya sha faɗa. Ya Sabi'u ya ce ya yafe, kuma na yarda da shi. Ni dai ban kai nan ba tukuna.